Zauren Iyaye Mata: "Bai Tashi Ba" Daban, "Ya Mutu" Daban

 Yau kan kalma ɗaya za mu tsaya, kalmar da za ki ɗora a bakin yaronki.

In kin shiga Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa fiye da shekara 500 da suka wuce, ki ce a ba ki nakiya, ta shinkafa za a miƙo miki, irin ta garar amarya. A bakin soja kuwa, nakiya ita ce wadda ake binnewa ta tashi da mutum. Suna ɗaya, ɗaya zaƙi ɗaya ajali.

Haka muke yi wa bam ɗin da aka harba bai fashe ba. Wani ya ce "ya mutu", wani ya ce "lalatacce ne", wani ya kira shi baragurbi. Duk sunayen nan suna sa zuciya ta saki jiki. Alhali abin da ke kunna shi ne kawai ya maƙale. Garin da ke cikinsa na nan da ƙarfinsa. Bugun guduma, zafin wuta ko jifa ya isa ya ƙarasa aikin. Tsufa ma ba ya kashe shi: a watan Yunin 2025 an kwashe mutum kusan 20,000 a birnin Kolon na Jamus saboda bama-bamai uku na yaƙin da ya ƙare tun 1945.

Kada ki ce abin na nesa ne. Bayan harin Kano na 20 ga Janairun 2012, 'yan sanda sun tattara bama-baman da ba su tashi ba, da yawansu a cikin gwangwanin lemo. A Yunin 2025 kuma, bam da ya shigo cikin kayan gwangwan ya hallaka mutum 5 a Hotoro. Su wa ke tsintar gwangwani da tsohon ƙarfe a lungu da bakin Jakara don su kai wa 'yan gwangwan? 'Ya'yanmu ne da almajiran unguwa.

Don haka ki gyara sunan tun daga gida. Kada ki ce "ya mutu", ki ce "bai tashi ba tukuna". Wannan "tukuna" ita ke sanar da yaro cewa kwanton ɓauna abin yake yi. Ki haɗa masa da umarni uku: kada ka taɓa, ka koma ta inda ka zo, ka faɗa wa babba. Ke kuma ki hana taruwa a wurin, ki sanar da mai unguwa ko ki kira 112.

Yaron da ya kawo miki labari, kada ki yi masa faɗa kan yawo. Ki sa masa albarka, don gobe ma ya faɗa.

Allah Ya tsare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.