ZANCEN GIDA: Hoton da Aka Goge a Waya, Ko Yana Dawowa?

Zancenmu na wannan wata ya taso ne daga abin da ya faru da wata maƙwabciyarmu. Ta shigo mana da sassafe da waya a hannu, idonta ya yi ja. Ɗanta ƙarami ya ɗauki wayar yana wasa, ya yi ta danne-danne, har ya goge hotuna da yawa. A cikinsu akwai hoton mahaifiyarta na ƙarshe, wanda aka ɗauka ran Kirsimeti, 'yan watanni kafin tsohuwar ta rasu. Ta ce mana, "Baba, in wannan hoto ya tafi, ba ni da abin da zan nuna wa jikokinta."

Mun gode Allah, hoton ya dawo kafin rana ta take. Abin da ya cece shi kuwa shi ne ta zo da wuri. Domin haka muka ga ya kamata mu bayyana muku abin da za ku yi in irin wannan ta same ku.

A zamanin iyayenmu, in hoto ya yage ko gara ta ci, akan koma wurin mai hoto. In fim ɗin yana nan a akwatinsa, sai ya sake wanke wani. Yanzu kuwa iyalai da yawa ba su da hoto a ko'ina sai a cikin waya, ko a Facebook, ko a WhatsApp. Hoton aure, da na suna, da na gama makaranta, duk suna wuri guda, a na'urar da yaro ke iya ɗauka, ɓarawo ke iya fizgewa, ko ta faɗa rijiya.

Bari mu fara da yadda gogewa take. Ku ɗauka mai gidan haya yana da littafin da yake rubuta sunan kowane ɗan haya da ɗakinsa. Sa'ad da aka goge hoto, kamar an soke suna ne daga littafin, aka rubuta cewa ɗakin ba kowa. Kayan suna nan a ciki tukuna. Amma da zarar sabon ɗan haya ya zo, za a zuba kayansa a kan na dā, su lalace. Kowane sabon hoto da kuka ɗauka, da kowane bidiyo da kuka sauke, sabon ɗan haya ne. To, dokar farko ke nan: in kun ga hoto ya ɓace, ku daina ɗaukar hoto, ku daina sauke abu, sai kun gama nema.

Wuri na fari da za a duba shi ne kwandon sharar wayar kanta. Ku buɗe wurin da kuka saba kallon hotuna, ku nemi alamar kwandon shara, ko akwatin abubuwan da aka goge kwanan nan. A wayar iPhone, da ta Samsung, hoton yakan zauna a can kwana 30. Google Photos ma yana da irin wannan kwando. Ku ɗauki kwana 30 a matsayin iyaka, kada ku yi sakaci har su cika. In kun ga hoton, ku danna shi, ku zaɓi a maido. A nan ne muka sami hoton mahaifiyar maƙwabciyarmu, yana zaune tare da sauran.

Wuri na biyu shi ne Facebook. Tun shekarar 2020 suka sa kwandon shara nasu. Abin da mutum ya wallafa, sa'an nan ya jefa shi cikin kwandon, yakan yi kwana 30 kafin a share shi ɗungum. Ku shiga shafinku, ku nemi wurin da ake lissafta dukan ayyukanku, kwandon yana ciki. Kusa da shi akwai ma'ajiya, inda abin da aka ɓoye yake zama ba tare da iyakar kwana ba. Wani lokaci mutum yakan zaci ya goge, alhali kuwa ɓoyewa kawai ya yi. Amma ku lura, ba kowace gogewa ce take bi ta kwandon ba. In waya ta yi muku gargaɗi cewa abin ba zai dawo ba, ku tsaya ku karanta kafin ku yarda. Wanda kuma ya nemi a rufe masa Facebook gaba ɗaya, yana da kwana 30 da zai iya fasawa, ta wurin sake shiga.

Instagram ya kawo irin wannan tsari a shekarar 2021. Hoto da bidiyo sukan jira kwana 30 a akwatin abubuwan da aka goge. Amma ɗan labarin nan na yini guda, in ba a adana shi ba, sa'a 24 kaɗai yake yi. Masu waɗannan manhajoji sukan sauya wurin maɓallai lokaci lokaci. In ba ku gani ba, ku kira wani saurayi ko budurwa na gida su taya ku nema, kuna zaune kuna kallo.

WhatsApp dabam yake, nan ne kuwa mutane suka fi ruɗewa. Kamfanin ba ya riƙe saƙonninku bayan sun isa hannun wanda aka aika wa, ba shi kuma da kwandon shara. Tun 2016 saƙonnin a kulle suke tafiya, mai aikawa da mai karɓa ne kaɗai ke iya gani. Saboda haka ba wani ofishi da za a rubuta wa a ce a maido da hoto. Hanya mafi sauƙi ita ce ta zumunci. Wa ya aiko muku da hoton? Wa kuka aika wa? Ku tambayi yayarku, ko ƙaninku da ke birni, ko ƙungiyar zumuntar mata inda aka taɓa sa shi. Sau da yawa hoton yana nan a wayar mutum biyar.

In ba a samu ba, sai a duba ajiyar da WhatsApp ke yi a Google Drive, ko a iCloud ga masu iPhone. Ku shiga saitin hira, ku ga ranar ajiya ta ƙarshe. In an yi ta bayan hoton ya shigo, kafin kuma a goge shi, to akwai bege. Sai a cire WhatsApp, a sake sa shi da lambar waya ɗaya da adireshin Google ɗaya, a yarda ya maido da ajiyar. Ku san abu biyu tun da wuri. Saƙonnin da suka shigo bayan ranar ajiyar za su tafi. Sabuwar ajiya kuma takan maye gurbin tsohuwa, don haka wanda ya bari kwanaki suka wuce, yana iya tarar da ajiyar da ba hoton a ciki. Kada ku cire WhatsApp sam sai kun ga ranar da idonku.

Saura katin memori. In hotunan a kansa suke, ku kashe wayar, ku zare shi, ku naɗe a takarda. Wanda ya iya kwamfuta yana iya tono abin da ba a riga an rubuta wani a kansa ba. Akwai manhaja ta kyauta mai suna PhotoRec da ake wannan aiki da ita. Amma cikin wayar kanta wani zance ne. Wayoyin yanzu a kulle ma'ajiyarsu take, gama masu ƙera su sun yi haka domin tsare sirrin mai waya. Shi ya sa manhajojin da ke alkawarin dawo da kome sukan kawo ƙananan hotuna ne marasa haske. In kuwa an riga an yi wa waya filashin, an mai da ita kamar sabuwa, abin da ke ciki ya tafi. Ku faɗa wa mai gyara tun kafin ya taɓa ta cewa akwai hotunan da kuke nema.

Muna kuma gargaɗinku a kan mazambata. Mai baƙin ciki yakan yi saurin yarda, su kuwa sun sani. Za su ce ku turo kuɗi kaɗan, ko ku ba su lambar sirrinku, ko ku karanto musu lambobi 6 da aka aiko muku ta saƙo. Wanda ya karɓi waɗannan lambobi ya karɓi WhatsApp ɗinku, zai kuwa shiga roƙon kuɗi daga danginku da sunanku. Ba mai iya dawo da abin da kamfanin kansa ya riga ya share. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ga matasanmu kuma, ku juya zancen ku dube shi ta baya. In hoton kaka yana nan a wayar mutum biyar bayan an goge shi, haka ma hoton da za ka ji kunya in mahaifinka ya gani. Kai ka goge naka, amma ba ka da iko a kan wayar wani. Ka yi tunani kafin ka aika.

Rigakafi dai ya fi magani. Google yana ba kowane mai adireshi wurin ajiya na gigabait 15 kyauta. Ku kunna ajiyar hotuna, ku riƙa dubawa ko wurin ya cika, gama in ya cika ajiya takan tsaya. Ku rubuta adireshin da lambar sirrin a littafi, ku ajiye inda kuke ajiye takardun haihuwa, miji ya sani, mata ta sani. Iyalai da yawa sun rasa hotunansu domin mai lambar ya rasu bai faɗa wa kowa ba. Ku riƙa shiga adireshin kuma, domin tun ƙarshen 2023 Google yana iya share wanda aka yi shekara 2 ba a taɓa shi ba. Kada ku bar layinku ya mutu, gama kamfanonin waya sukan ba wani lambar da aka daɗe ba a yi amfani da ita ba.

A ƙarshe, ku zauna da iyali wata yamma, ku zaɓi hotuna 10 ko 20 da ba za ku so ku rasa ba. Ku kai a wanke muku su a takarda, ku rubuta suna da shekara a bayan kowanne. Maƙwabciyarmu ta yi haka a makon nan. Ta wanke uku, ɗaya nata, biyu na ƙannenta, ta sa nata a gilashi ta rataye a falo, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku gaida mutanen gida.