Shaidun Sama A Kan Ambaliyar Jigawa

Yau maganar ruwa za mu yi, domin a ƙasar nan tamu ba maganar da ta fi ta nauyi da zarar watan Agusta ya kama.

Ba wanda ya manta da daminar 2022. A cikinta ruwa ya ci Karnaya, nan kusa da Dutse, ya tashi mutane daga gidajensu. Kogin Haɗeja ya yi tumbatsa tun daga Ringim har Miga da Auyo da Kafin Hausa, ya shafe shinkafa, ya kwantar da gero ana shirin girbi. A Nijeriya duka mutum fiye da 600 suka rasu a ambaliyar wannan shekara, fiye da miliyan ɗaya suka rasa matsuguni, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. An yi irinta a 2020, aka sake a 2024. Abin da ke zuwa haka a jere ya wuce a kira shi baƙo.

Bayan ruwan 2022 ya janye, wani tsohon almajirina wanda ya ci gaba da karatun boko ya zo gaishe ni, ya nuna mini hotuna biyu a wayarsa. Na fari an ɗauke shi da bazara, ga kogi siriri kamar zare a bisa ƙasa. Na biyu na watan Satumba ne, wuri guda, amma baƙi ya malale ya rufe fadama da gonaki har gindin garuruwa. Ya ce baƙin nan ruwa ne, wanda ya ɗauki hoton kuwa tauraron ɗan'adam ne. Tun ran nan nake bin kadin al'amarin, ga kuma abin da na fahimta.

Tauraron ɗan'adam ƙarfe ne da aka harba sama, yana kewaya duniya yana ɗaukar hoton ƙasa. Na Amurka da ake kira Landsat sun fara tun 1972. Tsakaninsu da ƙasa ya fi mil 400, kowane ɗaya yakan komo bisa wuri guda bayan kwana 16, tun 2008 kuwa hotunansu kyauta ne ga duk mai so. Sai dai idonsu irin namu ne, gajimare yana tare shi, ga shi kuwa ambaliya ba ta zuwa sai lokacin hadari. Saboda haka Turawan Turai suka harba wani iri mai suna Sentinel-1, na farkonsu a 2014. Shi wannan yana aiko da wani sako na lantarki ƙasa, sa'an nan ya saurari komowarsa, kamar mai kira a tsakanin duwatsun Dutse yana jiran amsa-kuwwa. Gida da itace da tudu suna mayar masa da shi. Ruwa kwantacce kuwa yakan kautar da shi gefe, sai wurin ya fito baƙi a hoto. Dare ko rana, hadari ko garau, duk ɗaya ne gare shi.

To, mu a karatunmu na shari'a an koya mana shaida tana da mataki biyu, watau ɗaukarta da bayar da ita. Kuma kafin alƙali ya karɓe ta sai an tsarkake mai ita, an tabbata adali ne. A wajen adalci ban ga abin sukar wannan shaida ba. Ba shi da ɗan'uwa a Jahun balle ya ƙara masa gona, ba ya jam'iyya, ba a ba shi goro. Ga kuma tsawon rai, ya fi shekara 50 yana kallon ƙasar nan.

Me ya gani? Ya ga Tafkin Cadi ya janye tsakanin shekarun 1960 da na 1980 har ya rasa wajen kashi 9 cikin 10 na faɗinsa, ko da yake daga baya ya ɗan farfaɗo. A nan gida ya ga kogin Haɗeja ya sake hali bayan an gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Dā kogin yakan cika da damina ya ƙafe da rani, ƙafewan nan kuwa ita ke kashe ciyawa. Da aka riƙa sakin ruwa rani da damina, sai kacalla ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a gindinta. A hoton rani, sa'ad da ƙasa duk ta yi fari, kacalla kaɗai za ka gani kore shar tana bin kwarin kogi. Ruwan da ya iske hanyarsa a toshe, ina zai nufa in ba gonar talaka ba?

Akwai kuma maganar hadari. A 2017 waɗansu masana suka tattara hotunan gajimare na shekara 35, suka iske manyan hadarurruka masu zubar da ruwa da yawa lokaci guda sun riɓanya sau uku a yankin Sahel tun daga 1982. Suka danganta abin da ƙaruwar zafin hamada. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun yi ta roƙon ruwa. Ruwa ya komo, amma da wani hali dabam, na mako uku yakan sauko dare ɗaya.

Kada kuma a ba shaidan nan abin da ba nasa ba. A ƙasar Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu yawancin ɓarnar ta ruwan sama ce, wanda ke gangarowa daga duwatsu ya bi kwararo, ko ya jiƙa katangar ƙasa kwana da kwanaki har ta zauna a kan masu barci. Irin wannan ruwa yakan wuce cikin sa'o'i kaɗan, kafin tauraro ya komo. Zauren makarantata ma haka ya faɗi, na tabbata ba wani tauraro da ya lura. Wannan sai mai unguwa, shi ya san gidan wa ya rushe.

Inda gizo ke saƙa shi ne mataki na biyu, bayar da shaida. Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. An kafa hukumar sararin sama, NASRDA, a 1999. Ran 27 ga Satumba 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga ƙasar Rasha, har ya ɗauko hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005, aka yi ta yabonsa. Aka ƙara biyu a 2011, waɗanda yanzu sun daɗe da wuce wa'adin da aka yanka musu. Har ila yau kowace shekara kafin damina hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya, tana ambaton ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, sunayen namu kuwa ba su cika fita daga ciki ba. Amma da Turanci ake rubuta shi, a Abuja ake karanta shi. Kuma a ce wa manomi ƙaramar hukumar Ringim tana cikin haɗari, an gaya masa abin da kakarsa ta sani ne. Abin da yake bukata shi ne a ce masa ruwan 2020 ya tsaya nan, na 2022 ya kai can, unguwa kaza da fadama kaza su ne a bakin hanya. Hotunan da za su faɗi wannan suna nan a ajiye, ba a biyan ko kwabo.

Ga Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011. A ganina aikin malamanta da ɗalibanta ne, tare da hukumar agajin gaggawa ta jiha, su fitar wa kowace gunduma taswirarta, a rubuta sunayen garuruwa da boko da ajami, a miƙa wa hakimai su saukar wa dagatai, a manna a ƙofar masallacin Juma'a da bakin kasuwar Shuwarin tun watan Mayu. Ruwan da aka saki daga Tiga kuwa ba ya isa Ringim sai ya biyo ta Wudil, akwai tazarar da za a yi shela a rediyo mutane su kwashe hatsi da dabbobi.

Taswiran nan za ta yi wani amfanin kuma ranar rabon agaji. Kowa ya san ƙorafin da ke biyo bayan kowace ambaliya, wanda gonarsa ke tudu ya sami buhu, wanda tasa ta nutse ya koma hannu rabbana. In an shimfiɗa hoton Satumba kusa da takardar sunaye a gaban hakimi, sai a tambayi kowane mai suna ya nuna inda gonarsa take.