Lambobi biyun da ake tsallakewa wajen sayen sikelin gwamnati

Duk wanda ya taɓa ratsa garin Beri, a ƙasar Kontagora ta Jihar Neja, bayan kaka, ya san irin iskar da hatsi ke zuwa da ita. Ana casar masara da dawa, ana sheƙe waken suya, ƙaiƙayi na tashi, ga kuma hazon hunturu ya lulluɓe komai. Watanni kaɗan bayan haka damina ta sauka, filin da ke bulbula ƙura ya koma taɓo. A irin wannan wuri ne sikelin da wani jami'i ya sa hannu a kan takardar sayensa a Abuja, cikin sanyin iyakwandishan, zai yi zamansa.

Hujjata ita ce: takardar kwangilar sayen sikeli da ba ta ambaci lambar kariyarsa daga ƙura da ruwa ba, takarda ce da aka rubuta rabi. Akan rubuta yawan nauyin da ake so ya ɗauka, a rubuta farashi, sai a ƙara da cewa ya kasance "mai inganci". Wannan kalma ba ta ɗaure ɗan kwangila da komai.

Lambar da nake magana a kanta ita ce wadda ake gani a jikin na'ura bayan haruffan IP, bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna IEC 60529. Lambar farko, daga 0 zuwa 6, ta ƙura ce: 5 na nufin ƙura na iya shiga amma ba yadda za ta hana aiki ba, 6 kuwa ba ta shiga sam. Ta biyu ta ruwa ce. Lamba 4 fantsama kawai take jurewa, 5 feshin tiyo, 6 feshi mai ƙarfi, 7 nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30, ita kuma 8 nutsewar da ta fi wannan tsanani, gwargwadon abin da kamfanin ya bayyana. Akwai kuma IP69K, wadda ta samo asali daga Jamus, don na'urorin da ake wankewa da ruwa mai zafin kusan digiri 80 da matsi mai tsanani.

A nan ne da yawa ke yin tuntuɓe. Ana ɗauka lambobin ruwan nan tsani ne, wanda ya hau na bakwai ya wuce na shida. Ba haka ƙa'idar ta ce ba. Gwajin nutsewa daban, gwajin feshi daban, shi ya sa kamfanin da ya yi duka biyun yake rubuta IP66/IP67. Sikelin mayanka, wanda ake wanke wa jini da tiyo kullum, feshi ne matsalarsa. Na auna tirela da aka haƙa wa rami kuwa, ranar da magudanar ramin ta toshe a watan Agusta, cikin ruwa zai kwana.

Sannan sikeli ba abu guda ba ne. Akwai ƙarafan da ke jin nauyi a ƙarƙashin faifan, akwai akwatin da wayoyinsu ke haɗuwa, akwai allon da ke nuna kilo. Ɗan kwangila mai wayo zai nuna maka takarda ɗauke da IP68, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai lambar ta ƙarafan ƙasa ce kaɗai. Akwatin wayoyin, wanda laima ke fara kamawa, babu wanda ya tambaya. Idan laima ta shiga nan, sikelin ba ya mutuwa farat ɗaya. Da ma mutuwa yake yi, da an huta. Ci gaba yake yi da aiki yana ba da lambar da ba daidai ba.

Mu yi lissafi. A ce kuskuren kilo 1 ne a kowane buhu mai kilo 100. Tirela mai tan 30 buhu 300 ke nan, wato buhu uku sun salwanta a lodi ɗaya, ko daga aljihun manomi ko daga rumbun gwamnati. Manomin da ya gaji awo da mudu da tiya, wanda ake lallashi ya yarda da kilo, sau ɗaya zai kama sikeli da ƙarya ya koma ga kwanonsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Na san abin da masu kula da kasafi za su ce: babbar lamba, babban kuɗi. Gaskiya ne, kuma ba cewa nake a sayi IP69K ko'ina ba. Sa shi a ɗakin ajiyar hatsi busasshe almubazzaranci ne. A rumbu mai rufi, IP65 ya wadatar. Ƙarafan sikelin waje su kai IP68, akwatin wayoyinsu kada ya gaza IP67. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sauko ƙasa da 6 a lambar ƙura, a ko'ina a Arewa. Kuma a tuna da ruwa mai tsabta ake yin gwajin nan. Bai ce komai ba game da takin zamani da ke cin ƙarfe, ko ɓeran da ke gwaguyar waya, ko tsawa. Sikelin rabon taki sai an rubuta masa ƙarfen da ba ya tsatsa, a layi na daban.

Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta karkata ga wanda ya kawo farashi mafi sauƙi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. To idan sharuɗɗan ba su ambaci kariya ba, mai sikelin kanti ne zai ci kwangilar, kuma doka na bayansa. Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari zai iya gwada sikelin ranar da aka kafa shi ya same shi daidai, domin a ranar ƙura ba ta riga ta shiga ba.

Saboda haka, kai mataimaki na musamman ko jami'in sayayya da fayil ɗin zai biyo ta teburinka, kafin ka miƙa wa Babban Sakatare, duba ko an rubuta lambar kowane ɓangare uku daban, da takardar shaidar gwajin. Idan babu, mayar da fayil ɗin, ka tambayi wanda ya tsara shi ko ya san a ina za a ajiye sikelin, cikin rumbu ko a fili.