Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi: Haƙƙin Faifan Black Mafia Life

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma gara in faɗa tun daga farko, rigima na zo yi.

A musun da aka tafka makon jiya kan manyan faya-fayan gambarar Amurka, wani ɗan'uwa ya yanke hukunci cewa Dr. Dre ne ya ƙirƙiro kiɗan G-funk da faifansa The Chronic, magana ta ƙare. Aka yi ta jinjina masa. Na bi muhawarar tun daga sama har ƙasa, ban ga mutum ɗaya da ya ambaci Above the Law ba. Har da masu cewa da hoton 2Pac a bangon ɗakin yayyensu suka tashi. To ni yau na ambace su, kuma ina da'awar cewa faifansu Black Mafia Life na 1993 an danne masa haƙƙi, mu ma muna cikin masu dannewar duk lokacin da muka maimaita abin da muka ji ba tare da mun saurara da kunnenmu ba.

Ba a haife ni ba lokacin da faifan ya fito. A shagon wani mai cajin waya da turin waƙa na fara jin sa, ina shekarar farko a foli. Na ce ya zuba min duk abin da yake da shi na 2Pac, sai wata waƙa ta biyo ciki mai suna "Call It What U Want". Muryar 2Pac na sani, amma kiɗan ne ya tsayar da ni. Daga nan na bi sawu har na gano masu waƙar.

Above the Law 'yan garin Pomona ne, gabas da Los Anjeles a jihar Kalifoniya. Su huɗu ne a lokacin: Cold 187um, wanda shi ne mai haɗa musu kiɗa, da KMG, da Go Mack, da DJ Total K-Oss. Suna ƙarƙashin kamfanin Ruthless na Eazy-E, gida ɗaya da ƙungiyar N.W.A, wato gida ɗaya da Dr. Dre. Faifansu na farko, Livin' Like Hustlers, ya fito a 1990, kuma da hannun Dre a aikinsa. Ku riƙe wannan, mutanen nan a situdiyo ɗaya suke shiga da fita, kowa yana jin abin da ɗan'uwansa yake dafawa.

Shi Cold 187um, wanda sunansa na yanka Gregory Hutchinson, a gidan kiɗa ya buɗe ido. Baffansa shi ne Willie Hutch, mawaƙin kamfanin Motown, wanda ya yi kiɗan fim ɗin The Mack a 1973 da na Foxy Brown a 1974. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ba a kanti ya tsinci funk ba, gado ya yi.

Saboda ƙannenmu da ba su san funk ba, bari in ɗan yi bayani. Kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka wanda James Brown ya aza tubalinsa a shekarun 1960. Sirrinsa shi ne a jibge nauyi a kan bugun farko na kowane zagaye, sannan kowane kayan kiɗa, har jita da ƙaho, ya koma kamar ganga. Jitar bes, mai amon nan da ake ji a ƙirji, ita ce uwar tafiya. Bootsy Collins, matashin da ke kaɗa wa James Brown bes, yana cikin tawagar da ta zo Legas a 1970, har ya je ya kalli Fela yana wasa. Daga baya ya koma wurin George Clinton, jagoran Parliament da Funkadelic, inda funk ya ƙara kauri, ya samu amshi na taron muryoyi, ya samu na'urar Moog a hannun Bernie Worrell. Wancan siririn sauti mai kama da kukan sarewa da kuke ji yana yawo a saman waƙoƙin Kalifoniya kuwa, ku nemi "Funky Worm" ta Ohio Players ta 1973, can za ku ji kakansa.

Abin da ake kira G-funk shi ne a ɗauko wannan gado, a rage masa sauri, a ƙara wa bes nauyi, a sa amshi na rerawa a tsakanin baitocin gambara. Kiɗa ne na mota mai tafiya a hankali da yamma.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. An yi aikin Black Mafia Life tsakanin 1991 da 1992, kuma Cold 187um ya sha faɗa a hirarraki cewa tun Dre bai bar Ruthless ba suka yi nisa da shi. A 1991 Dre ya fice, suka kafa Death Row shi da Suge Knight. Ficewar ta jawo rikicin kwantiragi da na shari'a, faifan Above the Law ya maƙale a tsakani, sai daga baya aka fitar da shi ta hannun kamfanin Giant. The Chronic ya shiga kasuwa ranar 15 ga Disamba, 1992. Black Mafia Life ya fito ranar 2 ga Fabrairu, 1993. Mako bakwai cif. Waɗannan makonni bakwai su ne suka sa wanda ya ji faifan a lokacin ya ɗauka kwaikwayo ne, alhali tukunyarsa ta daɗe a kan murhu.

Kasuwa ta ƙarasa sauran. The Chronic ya kai mataki na 3 a jadawalin Billboard, ya sayar da kwafi sama da miliyan 3, waƙar "Let Me Ride" ta ci Grammy a 1994, kuma a 2020 babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa faifan cikin taskar sautukan da ake adanawa don tarihi. Black Mafia Life ya tsaya a mataki na 37. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu bar kwanan wata, mu koma kan kunne, don a nan hujjata ta fi ƙarfi. Ku sa faifan a sifika mai kyau, ko abin kunne, ba ta bakin waya ba. Abu na farko da za ku lura da shi shi ne cunkoso. Cold 187um ba ya yanko tsohuwar waƙa ɗaya ya shimfiɗa ya zauna a kai. Yana jera yanka a kan yanka, bes a ƙasa, jita a gefe, muryoyi suna shiga suna fita, kamar kasuwa ranar cinta, kowa yana nasa amma amon ɗaya ne. Haka faya-fayan George Clinton suke, da hayaniyarsu da barkwancinsu da ƙurarsu. Shi Dre tace funk ya yi. Yakan sa makaɗa su sake kaɗa abin da ya yanko, ya share duk wata ƙura, ya bar fili tsakanin sauti da sauti, har waƙa ta fito tas kamar an goge ta da dutsen guga. Wannan gwaninta ce, yabon gwani kuwa ya zama dole. Amma tacewa daban, ƙirƙira daban. Mai tankaɗe gari ba shi ya noma dawar ba.

Ku saurari "V.S.O.P." ku ji yadda kiɗan biki yake tafiya ba gaggawa. Ku saurari "Never Missin' a Beat", sannan nan take ku sa duk waƙar da kuka fi so a The Chronic, ku gaya min tsakani da Allah ko ba 'yan gida ɗaya ba ne. Ku lura da muryar Kokane, mai rerawa ta hanci irin ta mutanen George Clinton, wadda daga baya ta cika faya-fayan Snoop Dogg. Ga Eazy-E da MC Ren duk sun shigo a matsayin baƙi. Sannan ku koma kan "Call It What U Want", inda 2Pac da Money-B na ƙungiyar Digital Underground suka sa baki. A cikin wannan waƙa za ku ji sunan G-funk ɗin kansa daga bakin 2Pac, a lokacin da yake sabon shiga, shekaru kafin ya taka ƙofar Death Row. Masoyan 2Pac na zauren nan, wannan shaidar daga gidanku ta fito.

Na san amsoshin da ke jira na, bari in tare su tun a hanya.

Wani zai ce ai Dre ya taɓa funk tun kafin nan. Gaskiya ne. "Dopeman" ta N.W.A ta yi amfani da "Funky Worm" tun 1987, kuma a faifan N.W.A na ƙarshe, na 1991, akwai "Alwayz Into Somethin'" wadda ke da ƙamshin abin da zai zo. A gabashin Amurka ma EPMD sun yanko kiɗan Zapp a 1988, De La Soul sun yanko Funkadelic a 1989, can Oakland kuma Digital Underground sun gina sunansu kacokan a kan Parliament a 1990. Amma ku duba, wannan jerin ni yake taimako. Yana nuna cewa rijiyar ta jama'a ce, masu guga da yawa ne, saboda haka cewa mutum ɗaya ya wayi gari ya haƙa ta a Disambar 1992 tatsuniya ce. Ban ce a cire rawani daga kan Dre a naɗa wa Cold 187um shi kaɗai ba. Cewa na yi duk tarihin G-funk da aka ba da babu Black Mafia Life a sahun gaba, tarihi ne mai giɓi.

Wani zai ce idan faifan yana da kyau haka, me ya hana shi sayuwa? Wannan tambayar ta fi ɓata min rai, musamman idan ta fito daga bakin marubuci. The Chronic ya samu kamfanin Interscope a bayansa, ya samu bidiyo a MTV safe da yamma, ya samu sabuwar murya mai daɗi irin ta Snoop, ya kuma samu rigimar Dre da Eazy-E wadda ta zame masa talla kyauta. Above the Law suna ɓangaren da ake yi wa dariya a wannan rigima. Yawan ciniki yana auna ƙarfin talla da sa'ar lokaci. Da ciniki ne ma'aunin inganci, da ruwan leda ya fi zuma.

Na uku zai ce, kai da kake ƙungiyar marubuta, me ya kai ka kare faifan da ke cike da ashar da bindiga da kawalci? Ba na kare kalaman. Akwai baitoci a ciki, musamman kan mata, da ba zan iya maimaitawa a gaban kowa ba, kuma ba faifan da za a sa a gaban yara ko iyaye ba ne. Wanda ya ce ba ya sauraron irin wannan gaba ɗaya, na girmama shi, ba ni da ja. Amma wanda ya ɗora The Chronic a ka ba shi da bakin wannan magana, don ƙazantar da ke can ba ta gaza ta nan ba. In za a yi wanka, a yi wa kowa da sabulu ɗaya.

Me ya sa abin ya dame ni har haka, rigimar wasu mutane a wata ƙasa shekara 30 da ɗoriya? Saboda na san zafinta a ƙaramin mataki. Na taɓa kammala wani gajeren littafi, na karanta babi biyu a taron ƙungiya, aka yaba, sannan rubutun ya kwana wata tara a wurin mai ɗab'i saboda kuɗina bai cika ba. Kafin ya fito, wani mai irin jigon ya riga shi shiga hannun mutane. Ban ce an sace min ba, ra'ayi yana yawo a iska. Amma har yau akwai masu ce min na iya kwaikwayo. Babu wanda ya tambayi ranar da na ajiye alƙalami, ranar da aka ga bango kawai aka sani. Duk marubucin da ke zauren nan ya san wani da hakan ta faru da shi, in ma ba shi ba ne. To idan mu da muka san bambancin ranar gama aiki da ranar fitowarsa muka kasa yi wa wasu adalci a kan wannan, wa muke jira ya yi mana?

Su Above the Law ba su tsaya kuka ba. A 1994 suka saki Uncle Sam's Curse mai ɗauke da "Black Superman", a shekarar kuma Cold 187um ya haɗa wa Kokane faifan Funk Upon a Rhyme. Eazy-E ya rasu a Maris na 1995, gidan Ruthless ya yi sanyi. Abin mamaki, bayan Dre ya bar Death Row, shi wannan Cold 187um ɗin ne kamfanin ya ɗauko a ƙarshen shekarun 1990 ya riƙa haɗa masa kiɗa. Su da ke cikin sana'ar sun san wanda ya iya. KMG ya rasu a 2012, bai ga faifan ya samu matsayin da ya dace da shi ba.

Ga roƙona. Kafin kowa ya rubuta min raddi, ya nemi Black Mafia Life ya saurare shi daga farko har ƙarshe, sau ɗaya tak, sannan ya sa The Chronic a bayansa. Wanda ya yi haka ya dawo ya ce har yanzu Dre ya fi, zan karɓa da hannu biyu, don wannan zancen ɗanɗano ne, kuma ni ma akwai ranakun da nake jin haka. Wanda kuwa ya dawo ya ce Dre shi kaɗai ya ƙirƙira, to ya zo da hujja, ina nan. Wanda bai saurara ba kuma, don Allah ya ja bakinsa ya yi shiru har sai ya saurara.

Ɗan'uwana mai hukuncin makon jiya, da kai nake musamman. Filin naka ne.