Mai barkwanci da dokar lafiyar Amurka

A watan Mayun 2017, Jimmy Kimmel, mai shirin barkwancin dare a tashar ABC, ya ajiye raha ya shaida wa masu kallo cikin hawaye cewa an haifa masa ɗa da ciwon zuciya, har an yi wa jaririn tiyata. A lokacin 'yan Republican na ƙoƙarin soke dokar Obamacare ta 2010, wadda ta hana kamfanonin inshora juya wa mutum baya don yana da tsohuwar cuta.

Sanata Bill Cassidy ya yi alkawarin cewa sabuwar doka za ta kare irin waɗannan yara. Da ya kawo ƙudurinsa tare da Lindsey Graham a watan Satumba, Kimmel ya zarge shi da ƙarya. Ƙudurin ya mutu ba a kaɗa masa ƙuri'a ba, bayan John McCain, Susan Collins da Rand Paul sun ƙi shi.

Sanatoci ne suka yanke hukunci, amma Kimmel ya sa talaka ya gane abin da zai rasa. Wannan aikin 'yan majalisa ne da 'yan jarida. Bai kamata a jira mai ba da dariya kafin a yi shi ba.