Ƙofar Tuba da Zauren Gwarzaye

  

A ranar 13 ga watan Mayu na shekarar 2025, shugaban babbar hukumar wasan besbol ta Amurka, Rob Manfred, ya ba da sanarwar cewa duk wanda aka kora daga wasan kora ta har abada, to hukuncin ya faɗi daga kansa da zarar ya mutu. Da wannan sanarwa aka cire sunayen mamata 17 daga jerin korarru, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne Pete Rose. Besbol wasa ne da ake dukan ƙwallo da kulki sannan a zagaya fili da gudu, kuma ba a san shi sosai a ƙasarmu ba. Amma gardamar da wannan hukunci ya tayar ta wuce filin wasa, domin tambaya ce da kowace al'umma take fuskanta: idan gwani ya ci amana, me ya cancanta daga gare mu bayan an hukunta shi?

Rose ya buga wasa daga 1963 zuwa 1986, ya yi dukan nasara sau 4,256, adadin da babu wanda ya kai shi a tarihin gasar. Yana riƙe da ragamar ƙungiyar Cincinnati Reds a matsayin mai horarwa bincike ya nuna cewa yana caca a kan wasanni, har da na ƙungiyarsa. A watan Agusta na 1989 ya sa hannu ya amince da kora. A 1991 masu kula da Zauren Gwarzayen wasan, wanda ke garin Cooperstown a jihar Niyok, suka kafa doka cewa korarre ba zai shiga takarar zauren ba. Shekara kusan 15 Rose yana musun laifin a gaban jama'a, sai a 2004 ya amsa shi, a cikin wani littafi da ya sa a kasuwa. Ya nemi a mayar da shi, aka ƙi a 2015, kuma daga cikin dalilan da aka bayar har da cewa bai daina caca a kan wasan ba. Ya mutu ranar 30 ga Satumba, 2024, yana da shekara 83. Yanzu an buɗe wa sunansa hanya, kuma kwamitin da zai iya duba batunsa zai zauna a watan Disamba na 2027, inda zai buƙaci ƙuri'a 12 cikin 16.

Magoya bayansa suna da hujjoji, kuma adalci ne a saurare su. Suna cewa zauren na gwaninta ne, ba a gina shi don waliyyai ba. Cewa ba a taɓa tabbatar da ya yi caca a kan ƙungiyarsa ta faɗi ba. Cewa shekara 35 cikin kora sun isa hukunci. Kuma matacce ba ya iya ɓata wasa. Hujja ta biyu ita ce ta fi yaudara. Mai horarwa da ya zuba kuɗi a kan wasan yau, amma bai zuba a kan na gobe ba, ya riga ya gaya wa 'yan caca ranar da ba shi da tabbas. Zai kuma iya gajiyar da ƙwararrun 'yan wasansa yau don ya tsira da kuɗinsa, gobe ƙungiya ta biya bashin. Wanda bashin caca ya hau kansa kuwa, ya zama abin juyawa a hannun masu binsa. Hukumar ta san wannan tun 1919, lokacin da aka zargi 'yan wasa 8 na ƙungiyar Chicago White Sox da karɓar kuɗin 'yan caca don su zubar da wasan ƙarshe, aka kore su a 1921 duk da cewa kotu ta sallame su.

A ganinmu, masu gardamar sun cakuɗa abubuwa uku waɗanda malamanmu suka daɗe da rarrabewa: yafiya, da komawa bakin aiki, da girmamawa.

Game da caca kanta babu wani ruɗani. Allah Maɗaukakin Sarki Ya jera ta tare da giya da gumaka a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, Ya umarce mu da nisantarta, kuma a ayar da ke biye Ya bayyana cewa tana haifar da gaba da ƙiyayya. Haka nan babu ruɗani cewa ƙofar tuba a buɗe take ga duk mai rai, bisa sharuɗɗan da aka sani: nadama, da barin laifin, da ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙi ga masu shi. Makomar wanda ya mutu tana hannun Mahaliccinsa, ba mu da ta cewa a kai. Abin da muke iya aunawa shi ne zahiri. Mu tuna da Ka'abu ɗan Maliku, Allah Ya yarda da shi, wanda bai fita yaƙin Tabuka ba a shekara ta 9 bayan Hijira. Munafukai sun kawo uzurorin ƙarya aka ƙyale su, shi kuwa ya faɗi gaskiya a take, ya jure ƙauracewar dare 50 tare da abokansa biyu, sannan aka saukar da karɓar tubarsu. Gaskiyar da ya faɗa tun farko, a lokacin da faɗinta ke da tsada, ita ce ta ɗaukaka shi. Amsa laifi bayan shekara 15 na musu, a cikin littafin sayarwa, wani abu ne daban.

Game da komawa bakin aiki, muna ganin ɗan wasan da jarabar caca ta kama, bai sayar da wasa ba, ya kuma amsa laifinsa, bai kamata a rufe masa hanyar abinci har abada ba. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san Sandro Tonali na Italiya, wanda aka dakatar wata 10 a 2023 tare da sharaɗin neman magani, ya dawo wa ƙungiyar Newcastle a 2024. Irin wannan hukunci yana da iyaka, yana da sharaɗi, kuma yana nufin gyara. Amma wanda aka damƙa wa shugabanci ya ci amanarsa, ko wanda ya sayar da sakamako, to mayar masa da wannan amanar wauta ce. Ba a bai wa kura ajiyar nama.

Girmamawa kuwa ba haƙƙin kowa ba ce, shaida ce da al'umma take bayarwa. Idan aka kafe sunan mutum a bangon zaure, ana gaya wa yaron da ya zo kallo ne cewa ga abin koyi. Malaman Hadisi sun shardanta wa mai ruwaya abu biyu, wato kyawun hadda da adalci, kuma ƙarfin hadda bai taɓa cike gurbin adalci ba. Har wasu daga cikinsu, irin su Imamu Ahmad, suka ga cewa wanda aka kama da yi wa Annabi ƙarya ba a sake karɓar ruwayarsa ko da ya tuba, ba don an yanke masa ƙauna daga rahamar Allah ba, sai don a kare abin da ya fi shi girma. Saboda haka muke cewa a bar wa Rose adadinsa a littafin tarihi, domin share shi ƙarya ce, a kuma rubuta dalilin korarsa a gefen adadin, domin ɓoye shi ha'inci ne. Amma zaure, a'a. Mutuwa ta kawar da barazanarsa ga wasa, ba ta sauya abin da ya aikata ba.

Sai dai lalle ne mu faɗi gaskiya game da alƙalan ma. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni a 2018, hukumomin wasanni suka shiga ƙulla yarjejeniya da kamfanonin caca, har da hukumar da ta kori Rose. A Ingila an dakatar da Ivan Toney wata 8 a 2023 saboda karya dokar caca, alhali kuwa rigar ƙungiyarsa ta Brentford tana ɗauke da sunan kamfanin caca a ƙirji. Wanda ya shuka ƙaya a tsakar gida ba shi da bakin zagin yaron da ya taka. Wannan munafunci bai wanke ɗan wasa ba, sai dai ya ƙara yawan masu laifi.

Ya ku 'yan'uwa, ƙurar wannan al'amari ta iso ƙofar gidajenmu. Cacar da ake tallatawa a filayen Turai ita ce 'ya'yanmu suke yi a wayoyinsu, da kuɗin makaranta da jarin sana'a. Hukumar Hisba ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, amma shagon da ke cikin aljihu sai iyaye da malamai ne za su iya rufe shi. Sannan mu duba namu zauren gwarzayen: wa muke naɗa wa rawani, wa muke bai wa lambar yabo, wa muke zaunarwa a kujerar gaba ranar neman taimakon masallaci, kuma mun tambayi inda dukiyarsa ta fito? Mu karɓi mai tuba hannu bibbiyu, mu taimake shi ya tsaya da ƙafarsa, amma mu yi tsantseni da shaidar girmamawa, domin za a tambaye mu a kanta.

Allah Ya tsare zuriyarmu daga caca da dangoginta, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta.