A garin acca da citta, sai da na yi mako uku kafin na samu kwanon fate

Jama'a, rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda ke sauri ya wuce abinsa. Amma duk ɗalibin da ya san jiya da daddare indomi da ƙwai ya ci, shekaranjiya ma haka, to ya ɗan tsaya, da shi nake.

Wani abokina da muka gama digirin farko tare, yanzu yana karatu a Maleshiya, shi ya tayar min da maganar. Kwana biyu ke nan yana ba mu labarin yadda yake bin gidajen abinci ɗaya bayan ɗaya yana neman inda suka fi iya wata miyar taliya ta mutanen Biyetnam da ake kira pho. Wannan gidan romonsu ya yi ruwa, wancan sun cika gishiri, na uku ne ya ce ya dace. 'Yan ajinmu kuwa sai santi suke daga nesa, wai Allah Ya kai mu mu ma mu ɗanɗana. Ni dai dariya na yi, don a daidai lokacin ina cikin nawa yawon a nan Kafanchan, kuma abin da nake nema bai kai pho nisa ba. Faten acca kawai.

Aikin binciken digirina na biyu ne ya zaunar da ni a garin, a kan manoman citta da halin da suka shiga tun bayan cutar da ta cinye gonaki a daminar 2023. Kullum ina hanya, yau Kwoi, gobe Kachia, jibi Zonkwa. Wanda ya san damina a Kudancin Kaduna ya san ba wasa ba ce, ruwa zai iya wuni yana zuba, sanyi ya sauko daga duwatsun Kagoro ya shige maka ƙashi. Mura ta kama ni, bakina ya ƙi karɓar komai, ba abin da raina ke so sai fate mai zafi, mai yakuwa da gauta da daddawa, wanda za ka sha gumi ya karyo maka.

Na ɗauka abu ne na minti goma. Ina! Gidan abinci na farko: jalof, soyayyar shinkafa, farar shinkafa da miya. Na biyu: sakwara da agushi, teba da ogbono. Na uku da na huɗu duk kanwar ja ce. Inda na samu tuwo da miyar kuka kuwa, wallahi ba don launi ba da ban san kuka ba ce, babu daddawa, babu ƙashi, ɗunƙule ne kawai aka zuba ya yi ta ihu a baki. A wani gidan na tambayi yarinyar da ke zuba abinci ko suna yin fate, ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Oga, wannan ai abincin gida ne, ba ma sayarwa." Samarin da ke teburin gefe suka ƙyalƙyale da dariya. Ɗalibai ne, na gane su da jakunkunansu.

Sai a mako na uku wani ɗan acaɓa ya kai ni wani lungu ta wajen tashar jirgin ƙasa, wurin wata dattijuwa mai rumfar kwano da benci biyu. Na ce, "Mama, ina wuni, an ce kina yin faten acca." Ta ce, "Ɗana, ka yi sa'a, yau na yi. Da kullum nake yi, yanzu sai ranar da na ga dama." Ta zubo min a langa, ta barbaɗa ƙuli-ƙuli. Ban ɗago kai ba sai da na ga ƙasan kwano. Da na tambaye ta me ya sa ta rage yi, ta ce, "'Yan makaranta ba sa saye. Wanda ma yake so, sai ya ce in ƙulle masa a baƙar leda kada abokansa su gani." Wannan baƙar ledar ita ta hana ni barci, ita ta sa nake wannan rubutun.

Bari in gaya muku mene ne pho ɗin da ake mana yanga da shi, don na bi diddigi. Ƙashin saniya ne ake dafawa sa'o'i masu yawa a wuta kaɗan-kaɗan har bargo ya saki, a gasa citta da albasa a jefa, a sa kirfa da kanumfari da wasu 'yan kayan ƙamshi, a zuba romon a kan taliyar shinkafa, a yanka nama siriri, a watsa ganye. Shi ke nan fa. A arewacin ƙasarsu ya samo asali, wajajen Nam Dinh da Hanoi, a farkon ƙarni na 20, kuma abincin talaka ne, 'yan talla ke yawo da shi a kafaɗa suna sayar wa leburori da asuba. Da aka raba ƙasar a 1954 mutanen arewa suka gangara kudu da shi. Da yaƙi ya ƙare a 1975, 'yan gudun hijira suka tafi da shi Amurka da Faransa da Ostareliya. Mutanen da suka bar gida ba su da komai, amma ba su ji kunyar tukunyar iyayensu ba. Yau suna da ranar pho, 12 ga Disamba, kuma a 2024 gwamnatinsu ta sa shi cikin jerin kayan gadon ƙasa.

To ku duba jerin kayan nan da kyau. Ƙashin saniya, albasa, kanumfari, citta. Wanne ne babu a kasuwar Kafanchan? Cittar ma da suke gasawa, Najeriya na cikin manyan ƙasashen da ke noma ta a duniya, kuma mafi yawanta daga nan take fita, Kachia da Jaba da Kagarko. Ana loda ta a tirela ana kai ta tashar jirgin ruwa, mu kuma a bar mu da ɗan ƙullin yajin da ke cikin ledar indomi.

Kada wani ya ce ina ƙin abincin baƙi. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya, tun da layin dogo ya haɗe a nan a 1927 mutane ke zuwa daga gabas da yamma da arewa, kowa da tukunyarsa, shi ya sa sakwara da agushi suka zama 'yan gari. Madalla da hakan. Indomin ma daga Indunusiya ta taso, kuma ba ni da faɗa da masu yin ta, kasuwa suka gani suka shiga. Ban kuma ga laifin masu gidajen abinci ba, mai sayarwa abin da ake saye yake dafawa. Faɗana da mu ne. Garin nan akwai reshen jami'ar jihar Kaduna, akwai kwalejin koyon aikin jinya, ga kwalejin ilimi a Gidan Waya nan kusa. Ɗalibai ne kasuwar masu abinci. Abin da muka nema shi za a ɗora a wuta, abin da muka yi wa dariya shi zai ɓace. Mu muka kori fate daga gidajen abinci, da bakinmu da aljihunmu.

Na san amsoshin da za ku ba ni, don na sha jin su a ɗakin kwana.

Na farko, wai talauci. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ɗalibi na ganin tasku, ni ma a ciki nake. Amma ku yi lissafi tsakaninku da Allah. Abin da na biya Mama na cikakken kwano bai kai abin da nake ba mai shayi na indomi biyu da ƙwai biyu ba, kuma faten ya riƙe ni har dare, ita kuwa indomi kafin a fito lakca ta biyu ciki ya fara kiran ciroma. Idan talauci ne, ai fate ne abincin mai talauci. Abin da ke damunmu son a ce mun waye ne.

Na biyu, wai lokaci. Wannan na yarda da rabinsa. Acca tana da wahala, ƙwayarta ƙanana ce kamar yashi, sai an surfa, an wanke, an rege kafin ta shiga tukunya, ɗalibin da ke da jarrabawa gobe ba zai iya ba. To ai dalilin da ya sa ake da gidan abinci ke nan. Ɗan Biyetnam ma ba ya kwana yana dafa ƙashi a ɗakinsa, fita yake ya saya wurin wanda sana'arsa ke nan. Mu ma muna da masu sana'ar, guje musu muke.

Na uku, wai tsafta. Wanda ke cin indomin da aka soya a kaskon da tun safe ba a wanke ba, a bakin kwata, da cokalin da aka tsoma a ruwa ɗaya sau hamsin, shi ne zai yi wa Mama wa'azin tsafta? Inda aka ga ƙazanta a faɗa, a ko'ina ne. Amma a daina laƙaba ta ga abincin gargajiya kaɗai.

Na huɗu shi ne wanda ba a faɗa da ƙarfi, ni kuwa zan faɗa. Da yawanmu ba ma cin abincin juna. Musulmi na tambayar wa ya yanka naman, da wace tukunya aka dafa, kuma tambaya ce da ke kan hanya, haƙƙinsa ne. Kirista kuma na ganin unguwar can ba tasa ba ce, me zai kai shi. Garin nan ya ga tashin hankali a 1987, ya sake gani a 2011 har kasuwa ta ƙone, kuma tabon bai gama gogewa ba. Sai indomi ta zama mafaka, tunda a rufe take zuwa daga kamfani, ba ruwanka da sanin hannun da ya taɓa ta. Wato mun fi yarda da leda a kan maƙwabci. Alhali faten acca ko nama ba ya buƙata. Acca ce, ganye, gauta, gyaɗa, daddawa, manja in ana so. Ba abin da zai hana Bajju da Bahaushe da Bafulatani da Atyap su zauna a benci ɗaya su sha. A rumfar Mama na gani da idona, mai hula da mai sarƙar gicciye suna miƙa wa juna yaji, ba wanda ya kira taron zaman lafiya.

Abin da zai ƙara ba ku haushi, accar da muke ɓoyewa a baƙar leda, a waje daraja gare ta. Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da ita a kasuwanninta tun 2018. Wani mai dafa abinci ɗan Senegal, Pierre Thiam, ya kafa kamfani a Amurka yana sayar da ita cikin ƙyale-ƙyalen leda. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, acca na ciki. Su 'yan Senegal ɗin, shinkafa da kifinsu ta shiga kundin UNESCO a 2021. Na rantse ranar da wani Bature zai ɗauki bidiyo yana shan fate yana lumshe ido, ranar za ku ga 'yan ajinmu suna layi suna cewa dama can suna so. Sai baƙo ya yaba tuwon gidanmu sannan mu ji yunwa?

Ba dogon abu nake roƙo ba. Sau ɗaya a mako, ka shiga gidan abincin da ka saba ka tambayi fate, ko tuwon acca da miyar karkashi. In sun ce babu, ka ce za ka dawo jibi, kuma ka dawo. Mutum goma suka yi haka, wallahi tukunya za ta hau wuta. In ka samu mai yi da kyau, ka zauna a wurin ka ci a kwano, kowa ya gan ka, ka kuma ja abokinka wanda ba addininku ɗaya ba. In an cika ɗunƙule ka faɗa cikin ladabi, ka ce daddawa kake so. Ƙungiyoyinmu na ɗalibai kuma, ranar al'adu ba ranar ɗaura zane da ɗaukar hoto kaɗai ba ce, a ba irin su Mama kwangilar abincin taro maimakon jalof a roba.

Mama ta kusa saba'in a ganina, kuma ta ce 'ya'yanta mata ba wadda ta karɓi sana'ar, ɗaya ma indomi take soyawa a bakin titi don ita ke kawo kuɗi. Ban ga laifinta ba. Amma in muka ci gaba a haka, nan da shekara goma ɗalibin da mura ta kama a garin nan zai yi yawon da ya fi nawa, kuma ba ɗan acaɓar da zai san inda zai kai shi.

Na faɗa wa abokina na Maleshiya ya ci pho ɗinsa lafiya, in ya dawo akwai benci na jiransa ta wajen tasha. Ku kuma wanda ya san inda ake fate ko miyar karkashi ta gaske, a Kafanchan ko Kagoro ko Zonkwa ko Gidan Waya, ya faɗa mana unguwar. Ranar Asabar zan koma wurin Mama da rana. Mai zuwa ya zo da kuɗinsa, ni ɗalibi ne.